Jarrabawar Furuci Ba Tare da Murya Ba: Tarihin Turanci a Ƙofar Jami'a, Daga Kwalejin Katsina Zuwa Ƙasar Maska

Duk shekara, tsakanin watan Mayu da na Yuni, daidai lokacin da ruwan farko ya jiƙa ƙasar Maska, manoma suka duƙufa ga shukar masara da dawa da auduga, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Funtua da Bakori da Ɗanja da Malumfashi sukan zauna wa wata takarda mai ban al'ajabi. Ita ce takarda ta uku ta Turanci a jarrabawar WAEC, wadda aka keɓe domin gwada furuci. Tambayoyi 60 ne, a amsa su cikin minti 45. Ana tambayar ɗalibi wace kalma ce wasalinta ya dace da na wata, wace gaɓa ce ake danna wa murya, waɗanne kalmomi ne ƙarshensu yake da amo ɗaya. Amma tun daga farkon takardar har ƙarshenta babu wanda zai buɗe baki, babu kuma lasifikar da za ta ce uffan. Da ido da fensir ake auna abin da asalinsa aikin kunne da harshe ne.

A cikin wannan watan na Yuni, a ƙasar Sin, akwai wani shirun na daban. Ranar 8 ga wata da ƙarfe 3 na rana, miliyoyin matasa suke shiga takardar Turanci ta jarrabawar shiga jami'a da ake kira gaokao. A birane da dama 'yan sanda sukan karkatar da motoci daga kusa da makarantu, a hana danna hon, a tsayar da aikin gini, domin ɗalibai su ji muryar da za ta fito daga lasifika na kimanin minti 20. A takardar ƙasa baki ɗaya, sauraro yana da maki 30 cikin 150. Shirun Funtua na rashin abin saurara ne. Shirun Sin kuwa na girmama abin da za a saurara ne. Yadda aka yi yankin da ya taɓa yin suna da tsabtar lafazin Turanci ya koma gwada sauti a kan takarda, labari ne da ya haura shekara ɗari.

Auduga, jirgin ƙasa da akawu

Maska tsohon gari ne a kudancin ƙasar Katsina, wanda aka sani da noman auduga da saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa. Ilminsa na allo ne da na littattafan Larabci, kasuwancinsa kuma da Hausa ake yi. Da Turawan mulkin mallaka suka ƙwallafa rai a kan audugar yankin domin masaƙun Ingila, sai harkoki suka karkata zuwa Funtua, inda hakimi yake zaune da sarautar Sarkin Maska har yau. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa ta Funtua, injinan gurzar auduga da kantunan kamfanonin Turawa suka kafu.

A nan ne manomin yankin ya fara gamuwa da Turanci, kuma ba a aji ya gamu da shi ba, a bakin sikeli ne. Shi ne ya noma audugar, amma wanda yake rubuta nauyinta da kuɗinta akawu ne, wanda galibi daga kudu ya zo da takardar makarantar mishan. Tun daga lokacin Turanci ya zama harshen wanda yake riƙe da alƙalami da rasit.

Wannan giɓi ba haɗari ba ne, tsari ne. Makarantar da Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa take koyarwa cikin rubutun boko. Gwamnati ta taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, ta kuma yi tsantseni wajen yaɗa Turanci, don gudun kada a sami irin 'yan bokon Legas masu ƙalubalantar mulki. Makarantun elementare suka ci gaba da Hausa. Turanci sosai sai wanda ya haye midil.

Kunne kafin alƙalami

Ga 'yan ƙalilan da suka haye kuwa, an ba su horon da ba kasafai ake samun irinsa ba. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, an kafa ta ne don horar da malamai. Ɗalibanta 'yan kaɗan ne, ana tsamo su daga larduna, malaman Turancinta kuma 'yan Ingila ne da suka ɗauki lafazi da muhimmanci ƙwarai. Ɗalibi yana jin kalma daga bakin mai harshen, ya maimaita, a gyara masa, ya sake, har sai ta zauna. Ahmadu Bello ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Muryar da Ɓalewa ya yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya jawabi da ita a watan Oktoban 1960, wadda ta sa ake yi masa kirari da mai muryar zinariya, a azuzuwan Katsina aka sassaƙa ta.

Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ɗalibanta suka bazu cikin makarantun midil suna koyar da abin da suka ji. Masana harshe, cikinsu har da Farfesa Munzali Jibril wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 a kan bambancin furuci a Turancin Nijeriya, sun nuna cewa Turancin ɗan bokon Hausa yana da kamanni nasa daban da na kudu. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne wannan tarihin na koyo kai tsaye daga bakin Turawa.

Sai dai dole a faɗi ɗaya gefen. Abin da ya sa horon ya yi inganci shi ne kuma aibinsa: ba na kowa ba ne. Ana iya gyara bakin yara ashirin ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan talakawan Maska da Malumfashi kuwa, mafi yawansu ba su taɓa taka ƙofar wannan aji ba, balle 'yan mata.

Takarda ta zama alƙali

Kafin 1952, takardar kammala sakandare daga Cambridge take zuwa, kuma a tsarinta wanda ya faɗi Turanci ya rasa satifiket ɗin gaba ɗaya, ko da ya ci sauran darussa. Bayan rahoton Dakta G. B. Jeffery na 1950, aka kafa hukumar WAEC a 1952 domin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, Laberiya ta shigo daga baya. A 1964 rahoton D. W. Grieve ya nemi a riƙa gwada Turanci a matsayin harshe na biyu, ba kamar na yaron da aka haifa a Landan ba. Daga nan aka ƙarfafa auna fahimta da taƙaita bayani da tambayoyin zaɓen amsa, waɗanda suke da sauƙin maki ga jama'a masu yawa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Funtua. Kusancin hanya bai zama kusancin shiga ba, domin makarantun sakandaren arewa ba sa fitar da isassun ɗalibai masu cikakkiyar takarda. Shi ya sa jami'ar ta ƙirƙiro makarantar share fage a farkon shekarun 1970, kuma har yau tana da makarantar share fage da gyaran sakamako a garin Funtua kansa. Kasancewar wannan makaranta a tsakiyar ƙasar Maska shaida ce ta cewa matsalar ta daɗe.

A 1978 aka kafa hukumar JAMB don a haɗe jarrabawar shiga jami'o'i wuri ɗaya. Ɗalibi yana zaɓen darussa uku gwargwadon abin da yake son karantawa, amma na huɗun ba zaɓi: Turanci ne. A tsarin yanzu, cikin tambayoyi 180, Turanci yana da 60, sauran ukun 40 kowanne. Sannan babu jami'ar da za ta ɗauki ɗalibi ba tare da kiredit a Turancin WAEC ko NECO ko makamantansu ba. Ke nan ƙofa biyu ce, mabuɗi ɗaya. Yaron da ya gwanance a kimiyyar noma, wanda ya san cutar masara tun kafin ya gan ta a littafi, yana iya tsayawa a waje shekara da shekaru saboda darasi guda.

Da yawa ya zo

A watan Satumban 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Lokacin ya zo daidai da shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa daga tsakiyar shekarun 1970, wanda ya kawo hanyoyin karkara da takin zamani da malaman gona. Yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi hasashe. Aka horar da malamai cikin gaggawa, aka cike guraben sakandare da malamai daga Indiya da Pakistan da Gana da kuma masu hidimar ƙasa, waɗanda aka fara turawa tun 1973.

Wannan alheri ne babba, domin shi ne ya kai ɗan manomi jami'a. Amma sarƙar nan ta ji daga baki zuwa kunne ta tsinke. Malamin da bai sami wanda zai gyara masa furuci ba, shi ne ya tsaya gaban yara tamanin ko ɗari. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da harshen uwa a shekarun farko na firamare, a koma Turanci daga baya. A aikace, a makarantun gwamnati da yawa na karkara, malami yana rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa. Yaro sai ya shekara goma sha biyu yana ganin Turanci, amma jinsa da furta shi kaɗan ne.

A kan irin wannan yaro ne takardar furucin take sauka. Abin lura shi ne, a manhajar WAEC kanta, ɗaliban Gana da Saliyo da Gambiya gwajin sauraro suke yi, ana kunna musu muryar da aka naɗa. Nijeriya da Laberiya ne suke amsa tambayoyin furuci a rubuce. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane wahalar da ake gudu: ɗalibai kusan miliyan biyu, makarantu dubbai, wutar lantarki marar tabbas, ga fargabar satar amsa. Sai dai kowace jarrabawa ita take tsara yadda za a koyar. Tunda ba za a saurara ba, ba a koyar da sauraro. Abin da ake yi a darasin share fage shi ne haddace alamomin sauti da jerin kalmomin da suka saba fitowa. Ɗalibi yana iya cin takardar furuci ba tare da ya iya fahimtar lacca ta minti goma ba.

Abin da Hausa ta ba yaro, da abin da ta rage masa

Wahalar Bahaushe da sautin Turanci sananniya ce, kuma tana da iyaka. Hausa ba ta raba sautin p da f, shi ya sa aka sami famfo da fenti da firamare. Ba ta da v, sai ta mayar da shi b, kamar a direba. Ba ta yarda baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, sai ta raba su da wasali, kamar a burodi da filasta. Sautin nan na Turanci da ake sa harshe tsakanin haƙora, Bahaushe yakan mayar da shi s ko z. Wasulan Hausa biyar ne, gajeru da dogaye, da tagwaye biyu, alhali Turancin Ingila yana da kimanin 20. Hausa tana aiki da hawa da saukar murya, Turanci kuwa da danna gaɓa.

Amma Hausa ta ba shi jari. Wanda ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo, ya riga ya mallaki kunnen da yake rarrabe tsawon wasali, abin da masu wasu harsunan suke fama da shi. Ban da haka, al'ummar nan ba baƙuwar horon kunne ba ce. A makarantar allo da zauren karatu, mafitar harafi daga bakin malami ake karɓarta, ɗalibi ya biya, a gyara masa. Gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, alƙalai ne suke zama su saurara. Ba wanda zai yarda a ba mutum shaidar ƙwarewa a tajwidi don ya zaɓi amsa daidai a takarda. Abin da aka ƙi yarda da shi a wancan fanni, shi aka amince da shi a Turanci.

Hanyar da Sin ta bi

Sin ma daga ƙasa ta faro. An dakatar da gaokao a 1966, Deng Xiaoping ya maido da ita a 1977, inda mutum kusan miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki ƙasa da dubu 300. Da yake an san makarantu ba su shirya ba, ba a ɗora wa ɗalibai Turanci gaba ɗaya ba. A 1979 kashi 10 cikin ɗari na makinsa kawai ake lissafawa, aka riƙa ƙarawa kowace shekara har ya cika a 1983. A 1982 gidan talabijin na ƙasar ya fara nuna wani shirin koyon Turanci na BBC mai suna Follow Me, miliyoyin mutane suka riƙa binsa a gidajensu. Gwajin sauraro kuwa sai wajejen shekara ta 2000 ya bazu a jarrabawar, bayan an daɗe ana kukan cewa makarantu suna yaye masu abin da Sinawa da kansu suke kira Turancin bebe.

Ba a ce komai ya tafi daidai ba. Wasu larduna sun yi shekaru suna gudanar da gwajin sauraron ba tare da sanya makinsa cikin jimla ba, saboda sanin cewa yaron ƙauye bai da kayan da yaron birni yake da su. Beijing ta mayar da gwajin kan kwamfuta, tana ba ɗalibi damar yin sa sau biyu a ɗauki mafi kyau. Har yanzu ana muhawara a can a kan ko Turanci ya cancanci maki 150 cikin 750. Darasin da yake ciki shi ne jerin matakan: an fara wadata kunne ta rediyo da talabijin da kaset, an ƙara nauyin jarrabawa sannu a hankali, sannan aka gwada abin da aka koyar.

Karatu, da sauran rina a kaba

Ta fuskar karatu, JAMB ta ɗauki wata dabara ta wajabta littafin labari guda ga kowane ɗalibi. Daga 2021 zuwa 2024 littafin shi ne The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda labarinsa ya shafi rayuwar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, wato duniyar da ɗan Funtua yake iya gane ta. Niyyar mai kyau ce, amma kasuwa ta yi mata dabara: taƙaitaccen bayani da tambayoyin da ake hasashe sun fi littafin kansa yawo. Tun 2015 kuma jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, sai ya zama yaron ƙauye yana kokawa da baƙon harshe da baƙuwar na'ura a zama ɗaya.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi. Sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamban 2020 ya jawo rufe makarantun kwana na tsawon lokaci. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, na tsawon watanni. Wayar da ɗalibi zai iya sauraron Turanci da ita ta zama ba ta da amfani a lokacin da ya fi bukatarta.

Shekarar 2025 ta nuna irin nauyin da aka ɗora wa wannan darasi guda. A sakamakon farko na JAMB, cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A ƙarshen watan Mayu, ɗalibai a sassa da dama suka rubuta Turancin WAEC cikin dare da hasken tocila. Da sakamako ya fito, aka ce kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta gano kuskure a makin takardar Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. Kuskure a takarda ɗaya ya kusa rufe wa dubban ɗaruruwan matasa ƙofa. A watan Nuwamba kuma gwamnatin tarayya ta soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Yanzu za a bukaci yaron Maska ya fahimci lissafi da kimiyya ta kunnen da ba a horar ba, daga bakin malamin da shi ma ba a horar da nasa ba.

Tarihin nan bai nuna cewa a koma zamanin Kwalejin Katsina ba, domin ingancin da aka gina a kan hana mafi yawa ba abin kewa ba ne. Bai kuma nuna a ƙaƙaba gwajin sauraro gobe ba, don wanda zai fara faɗuwa shi ne ɗan ƙauye. Abin da ya nuna shi ne cewa uzurin da aka dogara da shi ya fara tsufa. Cibiyoyin JAMB na kwamfuta sun riga sun wanzu, WAEC ma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024. Abin da ya rage shi ne abin sawa a kunne. Rediyo, wanda Bahaushe ya riƙe tun kafin BBC ta fara Hausa a 1957, yana nan a kowace bukka, kuma katin waya ɗaya yana ɗaukar darussan shekara guda ba tare da intanet ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wurin farawa shi ne kwalejojin horar da malamai da azuzuwan firamare, kafin a zo ga ɗakin jarrabawa.

Kakan yaron nan ya tsaya a bakin sikeli a Funtua, yana kallon akawu yana rubuta abin da bai iya karantawa ba. Jikan ya iya karatun, ya kuma iya rubutun. Abin da ya rage masa shi ne ya ji, a kuma ji shi.